Auna Wuta Kafin a Rina Alminiyom

Ana iya rina alminiyom, jama'a masu sauraro. Ja, shuɗi, baƙi, ruwan zinariya, duk yana ɗauka. Ba fenti ake shafa masa ba. Launin shiga yake yi cikin jikin ƙarfen ya zauna, ko an goge ba ya fita. Jikin tocila mai sheƙi, da bayan wasu wayoyin hannu, da firam ɗin taga mai ruwan tagulla, duk ta wannan hanya aka yi su. A masana'antu ana kiran aikin anodizasiyo. Mai ƙaramin shago ma yana iya yin sa, da bokitin roba, da ruwan batir, da wutar lantarki 'yar kaɗan. Sai dai aikin gaba ɗayansa a kan abu guda ya rataya, wato yawan wutar da ke bi ta cikin ƙarfen. In an auna ta, aiki ya yi kyau. In an sake ta, an yi asarar ƙarfe da rini da yini guda.

Damagaram ba baƙuwar aikin ƙarfe ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran garin har igwa suke zubawa. Alminiyom kuwa bai zo hannun talaka ba sai daga baya. A 1886 ne aka gano hanyar fitar da shi da lantarki cikin araha, a Faransa da Amurka lokaci guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar zuba tukwanensa ta bazu a Afirka ta Yamma. Yau duk wanda ya zaga Kasuwar Dole zai ga tukwane da ludaya da cokulan alminiyom jere. Ga kuma masu haɗa ƙofofi da tagogi. Ga masu cajin batir, ga masu gyaran waya. Kusan duk kayan da wannan aiki yake bukata suna hannun waɗannan mutane, sai dai a warwatse.

To, da farko, me ke faruwa a cikin bokitin?

Alminiyom da kansa yana yin fata. Da zarar iska ta taɓa shi, iskar oksijin takan haɗu da samansa ta yi wata 'yar siririyar fata da ido ba ya gani. Ita ce take hana shi cin tsatsa irin na baƙin ƙarfe. Abin da lantarki yake yi shi ne ya kaurara wannan fata ninki dubbai. Ana rataya kayan aikin cikin ruwan asid mai sauƙi, a haɗa shi da jar waya, wato ɓangaren batir mai alamar ƙari. A gefen bokitin ana sa farantin dalma ko na alminiyom, a haɗa shi da baƙar waya. In wuta ta fara gudu, oksijin yakan taru a jikin kayan aikin, fata ta riƙa girma. A jikin farantin gefe kuma sai a ga kumfa yana tashi. Iskar haidurojin ke nan, kuma tana kama wuta.

Fatar nan cike take da ƙananan ramuka a tsaye, miliyoyi a ɗan wuri. Cikin ramukan rini yake shiga. Bayan rini sai a dafa kayan cikin tafasasshen ruwa, ramukan su toshe, launi ya kulle a ciki. An fara amfani da dabarar a masana'antu a Ingila a 1923, don kare sassan jiragen sama masu sauka a kan teku daga cin ruwan gishiri. A 1927 aka fito da hanyar amfani da asid irin na batir. Ita ce har yau ta fi yaɗuwa, kuma ita ce mai ƙaramin shago zai iya.

Yanzu kuma ga wurin da ake yawan tuntuɓe. A cikin bokitin abu biyu ne suke ja-in-ja. Wuta tana gina fata. Asid yana cin ta. Duk daƙiƙa, ginin da cin suna tafiya tare. In wuta ta yi kaɗan ƙwarai, asid ya rinjaya, fata ta fito siririya, rini ya ƙi kamawa. In wuta ta yi yawa, zafi ya taru a gefuna da kusurwoyi, wurin ya ƙone, ya yi fari-fari, wani lokaci ƙarfen ma ya cinye. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya, kuma ba ta da faɗi. Shi ya sa ake auna wuta.

Masu sauraro, a nan sai an bambanta awo biyu. Akwai bolt, akwai amfer. Bolt shi ne ƙarfin turawa. Amfer shi ne yawan wutar da take wucewa. Mutane sun fi sabawa da bolt, don shi aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin batir. Amma fatar alminiyom ba da bolt take girma ba. Da amfer take girma, da kuma lokaci. Wannan doka ce tsohuwa. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya bayyana ta tun shekarun 1830: yawan abin da lantarki yake samarwa cikin ruwa daidai yake da yawan wutar da ta wuce. Saboda haka a wannan aiki, amfer ake kallo. A riƙe wannan, don za a sake komawa kansa.

Amfer nawa ke nan? Amsar tana ga faɗin ƙarfen. Mai lambu a Mirya ya san ruwan da zai ƙosar da babban fangali, in aka sake shi a ƙarami, ambaliya zai yi ya kwashe shuka. Haka wuta take da faɗin ƙarfe. Ma'aunin da aka saba shi ne amfer 1 da rabi ga kowane fili mai santimita 10 a tsawo, 10 a faɗi, wato kimanin tafin hannun babba. Da wannan awo, cikin minti 30 fata takan kai kaurin mikron 15. Mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wannan kauri bai kai rubu'in silin gashi ba, amma ya isa ya riƙe rini da kyau.

Ga misali ɗaya, a bi shi sannu. Wani yana son rina farantin lambar gida, tsawonsa santimita 20, faɗinsa 10. Fuska ɗaya tafi biyu ke nan. Amma wuta ba ta san gaba da baya ba, duk inda ruwa ya taɓa sai ta bi. Don haka fuska biyu, tafi huɗu. Tafi huɗu, amfer 6, na rabin awa. Wanda ya manta da bayan farantin zai ba shi rabin abin da yake bukata, sannan ya yi ta zargin mai sayar da rini. In kuma na'urar da ke hannu ba ta iya ba da amfer 6, babu laifi. A ba shi amfer 3, a ninka lokaci ya zama awa guda. Jimillar wutar da ta wuce ɗaya ce. Ga mai koyo ma wannan ta biyun ta fi, don zafi bai cika taruwa ba, kuma kuskure ba ya saurin zama ɓarna.

Daga nan sai tambaya ta gaba: me ya sa ba za a saita bolt sau ɗaya a tafi harkar gaba ba? Dalili shi ne, fatar da ake ginawa ba ta barin wuta ta wuce da sauƙi. A daƙiƙun farko ƙarfe tsirara yake, wuta takan yi rugugi ta shiga da yawa. Da fata ta fara samuwa, sai ta tare hanya, amfer ya sauka. In ruwan ya ɗumama, ya sake hawa. Wanda ya kafe bolt bai san nawa ya shiga ba, bai san nawa ya rage ba. Wanda ya kafe amfer kuwa, lissafinsa a hannunsa yake. Bolt ɗin zai nemi wurinsa da kansa, galibi tsakanin 12 da 20.

To, da wace na'ura za a kafe amfer ɗin a gari irin Damagaram?

Wutar gida ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC yake kawowa bolt 220 ce, kuma kai-da-komo take yi sau 50 a daƙiƙa. Aikin nan wuta mai bin hanya ɗaya yake so, irin ta batir. Wanda ya tsoma wayar soket cikin bokitin asid ba fata zai samu ba, ajalinsa ya kira. Haka injin walda. Wutarsa ta fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne 'yar akwatin wutar nan da ake gani a teburin wasu masu gyaran waya da rediyo. Sai dai a duba da kyau. A nemi mai maɓallin murɗawa biyu, ɗaya na bolt, ɗaya na amfer. Akwai masu kaiwa bolt 30 da amfer 5. Yadda ake yi shi ne, a buɗe na bolt sama, a mai da na amfer ƙasa. A kunna. Sannan a riƙa murɗa na amfer a hankali, cikin kamar minti guda, har ya kai adadin da aka lissafa. Daga nan na'urar ce za ta riƙe shi. Wasu ƙananan na teburin gyaran waya ba sa yin haka. In wuta ta wuce iyaka yankewa kawai suke yi. Waɗannan ba su dace ba.

Cajar batirin mota fa? Ita ce aka fi samu, ita ce kuma ta fi yaudara. Bolt ɗinta a bakin iyaka yake, sau da yawa bai isa ya tura amfer ɗin da ake so ba. Sababbin cajoji masu wayo kuwa ba sa sakin wuta sai sun ji batir a gabansu. Batirin mota shi kaɗai ya fi haɗari. In kayan aiki ya taɓa farantin gefe a cikin ruwa, batir zai saki ɗaruruwan amfer nan take. Waya ta yi ja, roba ta narke, tartsatsi ya tashi a kan bokitin da ke fitar da haidurojin.

Amma akwai dabara, kuma masu gyaran lantarkin mota sun san ta. A sa ƙwan fitilar mota a kan hanyar jar waya, yadda duk wutar da za ta je bokiti sai ta bi ta cikinsa. Ƙwan yakan zama birki. Ƙwan sigina mai wat 21 ba ya jan abin da ya kai amfer 2 a bolt 12. Na babbar fitila mai wat 55 yana jan amfer 4 da wani abu. In ana son ƙari, a jera ƙwai biyu kafaɗa da kafaɗa. Sai dai ƙwan ma yana cin nasa rabon bolt, don haka batir ɗaya ba zai wadatar ba. Ana bukatar tushe mai ɗan rara, kamar cajar kwamfuta mai bolt 19, ko batir biyu a haɗe su ba da 24. A ƙara da fis. A sa mitar awon amfer a kan layin, a zauna kusa da ita da agogo. Wannan dabara ba ta kai akwatin wuta daidaito ba, amma tana hana ɓarna, kuma kayanta suna kowane gareji. A nan ma amfer ake kallo, ba hasken ƙwan kawai ba.

Akwai wata hanya da ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don rana ba ta yi wa ƙasar nan rowa ba. Farantin sola yana da wata ɗabi'a da batir ba shi da ita. Wutarsa tana da rufi. Ko an haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye, ba zai wuce adadin amfer da aka rubuta a bayansa ba. Farantin wat 50 yana ba da kusan amfer 3 da tsakar rana, bolt ɗinsa kuma wajen 18. Wannan ya zo daidai da misalin farantin lambar gida, in aka bi hanyar amfer 3 na awa guda. Ga shi ba ruwansa da ɗauke wuta. Mutanen Damagaram da Maraɗi ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo musu lantarki, aka shafe watanni ana rabon wuta. Aibin sola ɗaya ne: wutarsa tana bin hasken rana. Gajimare ya gifta, amfer ya faɗi. Ƙurar hunturu ta rufe gilashi, amfer ya faɗi. Don haka a goge farantin, a zaɓi tsakiyar yini, a sa mita, a ƙara lokaci gwargwadon abin da ya ragu.

Yanzu a juya ga babban abokin gabar wannan aiki a nan, wato zafi. Ruwan bokitin yana son ya zauna wajen digiri 20. A bazara kuwa, Afrilu da Mayu, zafin Damagaram yakan haura 40. Ko ruwan randa ba ya sauka inda ake so. Ga shi wutar da kanta tana dafa ruwan. Amfer 6 a bolt 15 wat 90 ke nan. A bokiti mai lita 5, cikin rabin awa, wannan ya isa ya ɗaga zafin ruwa da wajen digiri 8. Ruwa mai ɗumi yana ƙara wa asid ci. Fata takan fito da laushi, in an shafa ta da yatsa sai a ga gari. Rini ya kama yau, gobe ya zube. Magani shi ne babban bokiti, a ɗora shi cikin baho mai ƙanƙara, a riƙa motsa ruwan da sandar roba. Ba a jefa ƙanƙara cikin asid ɗin, don za ta tsinka shi. Mai hikima ma yakan tara aikinsa zuwa lokacin ɗari, Disamba da Janairu, ya yi shi da sanyin safiya. Mai aiki da sola dole ya fi kowa tanadin ƙanƙara, tunda shi tsakar rana ce lokacinsa.

Mitar tana magana, in an iya saurarenta. In an kafe amfer, bolt yakan yi tsalle a farko, sannan ya daidaita, ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Wannan lafiya ce. In bolt ya fara zamewa ƙasa, ruwa ya yi zafi ko wani wuri ya fara ƙonewa. In kuma bolt ya harba sama, amfer ya faɗi warwas, kumfa ya tsaya, to mahaɗi ya kwance. Abin da ke jawo haka abin mamaki ne. Wayar alminiyom da aka rataya kayan da ita, ita ma tana yin fata. In ba a matse ta tam ba, fata ta shiga tsakaninsu ta raba su. Don haka ana cusa wayar cikin rami a murɗe ta da ƙarfi, kuma ba a sake amfani da ita sai an kankare. Wayar tagulla da ƙusar baƙin ƙarfe ba sa shiga ruwan ko kusa, don narkewa za su yi su ɓata shi. Bayan an gama, gwaji mai sauƙi ne. A ɗauraye kayan, a ɗora bakin wayoyin mita biyu a kansa a wurin awon haɗuwa. In mita ta yi ƙara, babu fata. In ta yi shiru, fata ta samu.

Akwai gaskiyar da ya kamata masu zuba tukwane su ji. Ba kowane alminiyom ke karɓar wannan aiki ba, komai kyawun awon wuta. Tukunyar da aka zuba da tarkacen fistan da kan inji tana ɗauke da silikon mai yawa, wani lokaci da tagulla. Irin wannan yakan fito toka-toka ko baƙi-baƙi, da dabbare-dabbare. Guntayen firam ɗin taga da falle-fallen alminiyom su ne suke fitowa fes. Kuma rinin tufafi ba na cikin tukunyar abinci ba ne. A bar shi ga kayan ado, da lambobin gida, da kayan kwalliyar babur.

Sauran sharuɗɗan a taƙaice suke. Ana wanke maiƙo tas. Ana ɗan tsoma kayan cikin ruwan soda irin ta masu haɗa sabulu, a ɗauraye sosai, kuma daga nan yatsa ba ya sake taɓa shi. Ruwan bokiti kashi ɗaya ne na sabon ruwan batir cikin kashi biyu na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishiri-gishirin da ke ɓata aiki. Asid ake zubawa cikin ruwa, sannu-sannu. Ba a zuba ruwa cikin asid. A yi aikin a fili inda iska take kaɗawa, nesa da murhu da taba. Tabarau da safar hannu ta roba wajibi ne. A kashe wuta kafin a sa hannu kusa da bokiti. In ruwan ya tsufa, ba a kwarara shi a lungu. A zuba masa jiƙaƙƙiyar kanwa kaɗan-kaɗan. Zai yi ta kumfa. In kumfa ya daina tashi, kaifin asid ya mutu. Kanwa dai ba ta wuya a ƙasar da ta daɗe tana fataucinta daga Manga zuwa Kano.

Jama'a masu sauraro, iyaye da 'yan'uwa, musamman matasa masu sana'ar hannu na unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari. Wanda ya yi niyyar gwadawa, ya fara da guntun firam wanda bai wuce tafin hannu ba. Ya auna faɗinsa gaba da baya. Ya sayi mita kafin ya sayi rini, ya sa ido a kan amfer daga farko har ƙarshe. Sannan roƙo ɗaya ga kowane mai shago da kowane maigida: kada a zuba ruwan batir cikin gorar ruwan sha. A rubuta masa suna, a rufe, a ɗaga shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Allah ya tsare, ya sa wa sana'a albarka.